Ina Makullin Mota Ke Kwana A Gidanki?

Yau maganar mota za mu yi, kuma na san kafin a kai ƙarshen wannan layi wata uwargida ta riga ta taɓe baki ta ce wannan ai zancen maza ne. To, ki dakata tukuna. Gaskiya ne a gidaje da yawa maigida ne ke tuƙi, ko da yake yanzu malaman makaranta da ma'aikatan asibiti da 'yan kasuwa mata masu motar kansu ba su ƙirguwa a Kano da Kaduna da Sakkwato. Amma ko wa ke tuƙi, da zarar an dawo gida an ajiye makulli, ya shiga mulkin uwargida. Ita ta san inda cokali yake, ita ta san inda katin asibitin yara yake. A zamanin nan kuwa, inda makulli ya kwana shi ne sau da yawa ke yanke hukuncin ko za a tashi da safe a tarar da mota a ƙofar gida, ko a tarar da sawun taya kawai.

Kada mu manta da abin da mota take a gidan ma'aikaci. Tarin shekaru ce, wani ma da bashi ya saye ta, ana yankar albashinsa wata-wata. Ita ke kai yara makaranta, ita ke ɗaukar mai naƙuda da tsakar dare. Ranar da ta ɓace, tukunyar gidan ma sai ta ji a jikinta.

Ɓarawon mota na da, sananne ne aikinsa. Ya fasa gilashi, ko ya zura waya ta gefen taga, ya ɓalle wurin makulli ya haɗa wayoyi. Aiki ne mai ƙara, mai ɗaukar lokaci, kare ya yi haushi, maigadi ya farka. Amma motocin da ake yayi yanzu, waɗanda ake danna maɓalli su tashi, ba a zura musu makulli ko kaɗan. Makullin yana cikin aljihu ko cikin jaka, kina taɓa mariƙin ƙofa ta buɗe. Yadda abin yake kuwa shi ne, mota tana da wata 'yar murya ta rediyo wadda kunne ba ya ji, da ita take kiran makullinta. Da gangan aka yi muryar ƙarama, ba ta wuce taku biyu ko uku daga jikin mota. In makulli yana kusa ya ji kiran, sai ya amsa. Da mota ta ji amsa sai ta ce lalle mai ita ne a tsaye, ta buɗe ƙofa, ta yarda a tayar da inji. Watau dai mota ba ta san fuskar kowa ba. Abin da ta sani kawai shi ne ta yi kira an amsa mata.

Nan ne bango ya tsage, ƙadangare ya sami wurin shiga. Ɓarayi biyu ne za su zo da dare, kowa riƙe da wata na'ura da ba ta fi faranti ko ƙaramin littafi girma ba. Ɗaya ya tsaya jikin mota, ɗaya ya raɓe jikin bangon gida, ko taga, ko ƙofar falo. Na jikin mota ya ja mariƙin ƙofa, mota ta yi kiranta. Na'urarsa ta ɗauki kiran ta miƙa wa ta abokinsa, ta abokin ta ƙara masa ƙarfi ta cusa shi cikin gida. Makulli yana kan tebur, ya ji kiran motarsa, shi kuwa bai san dare ba bai san rana ba, sai ya amsa. Shi ke nan. Ƙofa ta buɗe, a danna maɓalli, inji ya tashi. Babu gilashin da ya fashe, ƙararrawar mota ba ta yi kuka ba, domin a ganinta mai ita ne ya zo. Kuma in inji ya riga ya tashi, ba ya mutuwa don an yi nisa da makulli. Masu ƙera motoci sun yi haka ne don kada mota ta mace wa mutum a tsakiyar hanya in batirin makulli ya yi sanyi. Saboda haka ɓarawo zai tuƙa ta har inda ya ga dama, can ya nemi yadda zai yi mata sabon makulli, ko ya kwance ta ya sayar da kayan.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Tun a 2011 wasu malaman jami'a a birnin Zurik na ƙasar Suwizalan suka gwada wannan dabara a kan motoci iri 10 na kamfanoni 8, duk suka buɗe su suka tayar. A 2017 'yan sandan Ingila suka nuna wa duniya hoton da kyamarar wani gida ta ɗauka a garin Solihul, kusa da Bamingam. Mutum biyu suka zo da dare, ɗaya ya yi ta kaɗa na'ura a gaban gida, cikin kamar minti ɗaya suka tafi da Mercedes, makulli yana cikin gida. A Jamus kuma akwai babbar ƙungiyar masu motoci da ake kira ADAC. Sakamakon gwajinta da aka bayyana a farkon 2019 ya nuna cikin motoci 237 masu irin wannan makulli, 230 an buɗe su an kuma tayar da su ta wannan hanya. Uku kacal suka tsira gaba ɗaya. Abin ya kai har a watan Fabrairu 2025 gwamnatin Ingila ta kai wa majalisa ƙudurin dokar da zai sa riƙe irin waɗannan na'urori kansa ya zama laifi, da ɗaurin da zai iya kai shekara 5.

Wata za ta ce ai can Turai ne. To, ina motocinmu suke fitowa? Ba daga can ba? Motar da aka yi yayinta a Amurka ko Jamus shekara bakwai ko goma da suka wuce, ita ce yau take shigowa ta Ikko ko Kwatano, a wanke ta a kafa mata lamba, mu yi ta barka. Ta zo da kyanta, ta zo da cutarta. Abin da ya ci Doma kuwa ba ya barin Awe.

Yanzu uwargida ki duba gidanki da kyau. Ina maigida ke jefa makulli in ya shigo? A yawancin gidaje, ko kan ɗan teburin bakin ƙofa, ko kan talabijin, ko a ƙusar da ke bayan ƙofar falo, ko kan taga. Falon kuwa shi ne ɗakin da ya fi kusa da waje. A unguwanninmu da filaye suka ƙanƙance, da yawa ba su da wurin shigar da mota, tana kwana a kan layi, bangon falo ne kaɗai tsakaninta da makullinta. Ɓarawo ba ya neman abin da ya fi wannan.

Maganin ba shi da tsada, yana nan cikin kicin ɗinki. Muryar rediyo ba ta ratsa ƙarfen da ya rufu ruf ta ko'ina. Ki nemi gwangwani mai murfin ƙarfe, irin na madara ko na Bournvita ko na biskit, ki wanke ki shanya ya bushe sarai. Mai murfin roba ba zai yi ba. Da maigida ya shigo, makulli ya faɗa ciki a rufe, a ajiye a can tsakiyar gida, nesa da bangon waje. Amma kada ki yarda da gwangwani sai kin jarraba shi, domin wani murfin yana da 'yar kafa da ido ba ya gani. Ki sa makullin ciki ki rufe, ki riƙe gwangwanin ki je ki tsaya daf da mota, ki ja mariƙin ƙofa. In ta ƙi buɗewa, madalla. In ta buɗe, gwangwanin nan ba shi da amfani, a sake wani, ko a naɗe makullin da takardar foyil ninki biyu ko uku kafin a saka. Akwai kuma 'yar jaka da ake sayarwa don wannan aiki, mai shimfiɗar ƙarfe a ciki. Ita ma a jarraba ta, kuma a riƙa sake jarrabawa bayan 'yan watanni, don shimfiɗar tana sulɓewa da yawan buɗewa da rufewa. Ku 'yan makaranta masu karatun kimiyya, wannan shi ne abin da littafinku ya kira kejin Faradai, wanda Baturen Ingila Michael Faraday ya gwada tun 1836. Ga dama ta samu, ku nuna wa baba cewa kuɗin makaranta bai tafi a banza ba.

Kada a manta da makulli na biyu. Sau da yawa shi ne ke hannun uwargida, yana cikin durowar madubi ko ƙasan akwati shekara da shekaru, kowa ya mance da shi. Muddin batirinsa na da rai, shi ma yana amsa kira kamar ɗan'uwansa. Wasu kan ce a sa makulli cikin firji tunda ƙarfe ne. Kada ki yi, sanyi da laima suna kashe batir su lalata kayan ciki. Wasu makullan kuma ana iya sa su barci. A makullan Toyota da yawa, in aka danne maɓallin kullewa, aka latsa na buɗewa sau biyu ba tare da an saki na farkon ba, 'yar fitilar za ta ƙifta sau huɗu, makullin ya daina amsa kira sai an sake taɓa wani maɓalli. Kamfanin Ford kuma tun 2019 ya fara yin makullin da ke yin barci da kansa in ya yi daƙiƙa 40 ba a motsa shi ba. Littafin da ke zuwa da mota yana faɗin ko naku yana yin haka, sai dai mu da karanta littafin mota sai a hankali.

Akwai wata magana da ya kamata mu tsaya a kanta. A farkon 2024, da satar mota ta addabi birnin Toronto na ƙasar Kanada, wani ɗan sanda ya ba mutanen wata unguwa shawara su riƙa barin makulli a bakin ƙofa, domin ɓarayi sun koma fasa gidaje da makamai suna neman makulli, gara su samu su tafi ba su shiga ɗakin kwana ba. Mutane suka yi masa ca, aka ce ya miƙa wa ɓarayi gari. A ganina maganarsa tana da gefen gaskiya, sai dai ya haɗa ɓarayi biyu ya yi musu magani ɗaya. Ɓarawon da ke raɓe a bayan bango da na'ura matsoraci ne, ba ya son a gan shi, gwangwani ya ishe shi. Wanda ya ɓalle ƙofa da bindiga kuwa wani abu ne dabam. Saboda shi ne nake cewa kada a kai makulli ƙarƙashin matashin kai, kada kuma a ɓoye shi inda mutum ɗaya ne kawai ya sani. Duk babban da ke gidan ya san inda gwangwanin yake. In Allah ya kawo tsautsayi aka shigo da makami, a miƙa ba gardama, ba a kallon fuska, ba a bi su a baya. Ana sake sayen mota. Ki gaya wa samarin gidanki wannan tun yau, domin su ne masu zafin zuciya.

Gwangwani kuma ba shi ne ƙarshen zance ba, don ɓarawo ma kullum karatu yake yi. A 2022 aka sace wa wani masanin kwamfuta Toyota RAV4 a Landan, bayan sau biyu yana tarar da an ɓanɓare gefen fitilar gaba. Binciken da shi da wani abokin aikinsa suka bayyana a 2023 ya nuna ɓarayin ta wayoyin bayan fitila suke shiga, su jona wata na'ura da ke yi wa ƙwaƙwalwar mota ƙarya cewa makulli ya zo. Wasu kuma in sun sami shiga ciki, akwai wani soket a ƙarƙashin sitiyari inda makanike ke jona kwamfutarsa ya duba ciwon mota, ta nan suke haɗa sabon makulli. Duk waɗannan ba ruwansu da inda makullinku ya kwana. Abin dariya, maganinsu tsohon yayi ne: sandar ƙarfen nan da iyayenmu ke maƙala wa sitiyari su kulle da ɗan makulli. Ba ta jin muryar rediyo, sai zarto, zarto kuwa yana da ƙara yana cin lokaci. Da satar wasu motocin Kia da Hyundai ta yi yawa a Amurka, a 2022 da 2023 kamfanonin da kansu suka riƙa raba wannan sanda kyauta ta hannun 'yan sanda. A sayi mai launi mai haske wadda za a hango tun daga waje. Mai wayarin mota amintacce kuma yana iya sa ɓoyayyen makunni da ke yanke mai ko wuta, sa'an nan ga na'urar bin sawu ga mai hali. In kuwa akwai fili a cikin gida, a shigar da mota a rufe get da kwaɗo, komai gajiya. Gida mai mota biyu, a sa tsohuwar ta tare sabuwar.

Na san da yawa cikinmu motar gidansu ta murɗa makulli ce, wasu ma sai an tura. Kada ku ce kun tsira. Fasa mota a kwashe abin da ke ciki ya fi ɗauke ta ɗungurungum yawa nesa ba kusa ba, kuma a nan, mu faɗi gaskiya, mu mata muna da hannu. Ko da ɓera da sata, daddawa ma da wari. A je gidan biki ko suna ko ta'aziyya, a bar jakar hannu a kujerar gaba wai yanzu za a fito, alhali kuwa kowa ya san "yanzu" ta mata a gidan biki. A bar waya a jone, a bar ledar atamfa da leshi a kujerar baya. Ɓarawo ba ya sanin jakar babu komai ciki sai ya fasa, kuɗin sabon gilashi kuwa sau da yawa ya fi abin da aka ɗauka. In dole ne a bar kaya, a sa a but tun kafin a baro gida. Wadda ta iso wurin biki sa'an nan ta fito ta buɗe but ta saka jaka a gaban jama'a, ta yi wa ɓarawo nuni ne da yatsa. Haka wanda ya fito daga banki da kuɗi, kada ya tsaya sayen nama ko kayan miya ya bar su cikin mota. Ana bin mutane tun daga ƙofar banki.

Har wa yau, kada a dogara da danna rimot a juya baya ana tafiya ana hira. Akwai na'urar da ke toshe saƙon rimot, ki danna ki ɗauka kin kulle, ashe mota a buɗe take. Ki tsaya ki ji ƙarar kullewa, ki ga fitila ta ƙifta, in makullin na murɗawa ne ko rimot ne kawai ki ja ƙofa da hannunki ki tabbatar. Da safe kuma a daina tayar da mota a bar ta a ƙofar gida tana ɗumi, a koma ciki neman takalmin yaro. Balle a bar yaron a cikinta.

Motar da ke kwana a waje kuwa, ba jaka kaɗai ake nema a jikinta ba. Ana cire batir, ana cire madubin gefe, ana cire ƙwaƙwalwar mota, ana shiga ƙarƙashi a yanke wani tulu da ke jikin salansa wanda makanikai ke kira indomi, saboda akwai ƙarafa masu tsadar gaske a cikinsa. Duk wannan aikin duhu ne. Ƙwan fitila ɗaya mai aiki da hasken rana a saman get ya fi dogon bango da babu haske. Sa'an nan maganar maigadi da 'yan sintiri. Abin kunya ne a ce gida mai motar miliyoyi shi ne ake yi wa sallama sau uku kafin ya ba da kuɗin sintiri na wata. Mutumin da ake bin sa albashin wata biyu, da yunwa a cikinsa, da wane ƙarfi zai hana idonsa barci? Uwargida, in an gama tuwon dare a tuna da shi. Mu da muke wuni a gida kuma mu ne idon unguwa. Baƙuwar fuska da ke kai da kawowa a layi tana leƙen motoci, ko babur da ya tsaya ba dalili, a gaya wa maƙwabta da mai unguwa. Ba a ce a tara jama'a a yi duka ba, an sha kashe marar laifi da ihun ɓarawo. A kira 'yan sanda, ko lambar gaggawa ta 112.

Ku kuma 'yan mata, kunnenku nawa? Ba kowane abu ake ɗauka a waya a watsa ba. Hoton sabuwar motar baba da lambarta a fili, da get ɗin gidanku a baya, da rubutun cewa baba ya tafi Umara sai bayan sati biyu, duk kun haɗa wa wanda ba ku sani ba labarin da zai yi kwana uku yana nema. Jakar makaranta ma kada a bar ta a kujera, daga waje kamar ta kwamfuta take. In kuma an aike ku ɗauko abu a mota, makulli ya koma gwangwaninsa a rufe.

Saura takardu. Kada a bar ainihin takardun mota a cikinta, a riƙe kwafi, na ainihi su zauna a gida. Ki rubuta lambar mota da lambar inji da lambar shasi mai harufa da lambobi 17 a littafin da kike ajiye takardun haihuwar yara, domin su za a fara tambaya a ofishin 'yan sanda. Ki kuma tambayi maigida wace irin inshora ya yanka. Ƙaramar nan da doka ta tilasta, wadda aka mayar Naira 15,000 daga Janairu 2023, ɓarnar da kuka yi wa wani kawai take biya, ba ta biyan sata. Sai babbar, ko takwararta ta tsarin takaful.

In kuma sayen mota ya taso, a buɗe ido, domin satar can tana ƙarewa a nan. A 2022 an sace motoci sama da 105,000 a Kanada, kusan ɗaya kowane minti biyar, da yawa aka zuba su a kwantena ta tashar jiragen ruwa ta Montiriyal zuwa ƙasashen waje, har da Afirka ta Yamma. A watan Satumba 2024 hukumar EFCC ta miƙa wa 'yan sandan Kanada motoci 53 da aka sato daga can aka gano su a Nijeriya. Wanda aka karɓe irin wannan mota a hannunsa, wa zai bi ya biya shi? Saboda haka in an kawo wa maigida mota mai kyau da arahar da ta wuce hankali, ki ja shi gefe. A duba lambar shasi ta jikin gilashin gaba da ta jikin ƙofa da ta takardar kwastan, su zo ɗaya, a kuma sa wanda ya iya ya bincika tarihinta a intanet. In makulli ɗaya aka ba ku, ku tambayi ina ɗayan yake. Kafin mota ta kwana a ƙofar gidanku a kai ta wurin masu aikin makulli na ƙwarai, su goge wancan da ya ɓace daga ƙwaƙwalwarta, su yi muku sabo.